Addini da lafiyar ƙwaƙwalwar majinyaci: ina matsayin ma'aikacin jinya?

Nas_MaiAikinDare

Assalamu alaikum, 'yan'uwa abokan aiki. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma ina so in ji ta bakin waɗanda suka riga ni shiga wannan aiki. Shekarata ta huɗu ke nan a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. A wani aikin dare, wajen ƙarfe uku, na tarar da wani magidanci da aka kwantar saboda ciwon damuwa mai tsanani yana zaune a bakin gado, carbi a hannunsa amma ba ya ja. Da na tambaye shi ko barci ne ya ƙi zuwa, sai ya ce, "Sista, wata biyu ke nan rabona da yin salla a kan lokaci, kuma ba ƙi na yi ba, jikin ne ba ya tashi. Na san Allah ya riga ya yi fushi da ni, to maganinku me zai yi mini?" Washegari kuma, a ɓangaren mata, wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta gaya mini cewa tunanin kashe kanta ya sha zo mata, kuma babu abin da ya riƙe ta sai sanin cewa ranta amana ce a hannunta. Ciwonsu iri ɗaya ne, addininsu ma ɗaya, amma abin da ya tsare wannan shi ne ya danne wancan. A makaranta abin da aka fi koya mana shi ne mu cike gurbin addini a takardar karɓar majinyaci mu wuce. Shin aikinmu ne mu shiga wannan magana, ko mu bar ta ga malamai da fastoci? Idan aikinmu ne, ta ina ake farawa, kuma ina ake tsayawa?

TsohonNas

Wa alaikumus salam, 'yata. Na yi shekara 28 a wannan aiki kafin in ajiye, kuma gurbin nan da kika ambata bai taɓa gaya mini komai ba sai wanda za a kira idan rai ya yi halinsa. Abin da ya kamata mu sani shi ne me majinyacin yake ganin Ubangijinsa yana nufi da shi a cikin wannan ciwo. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Kenneth Pargament, ya daɗe yana nazarin wannan, kuma ya raba yadda mutane ke jingina da addini a lokacin tsanani gida biyu. Akwai wanda yake jin Allah yana tare da shi, yana neman ƙarfi da gafara, yana samun jama'ar da ke tallafa masa. Akwai kuma wanda yake jin horo ake yi masa, ko an yashe shi, ko jama'ar ibadarsa sun guje shi. Gajeren ma'aunin da shi da abokan aikinsa suka tsara tambaya 14 ne, 7 a kowane ɓangare, kuma an sha samun cewa masu kokawa irin ta biyun sun fi fama da damuwa da fargaba. Maganar da magidancin nan ya yi miki alama ce ta ciwon, domin ɗora wa kai laifi fiye da ƙima da ganin kai ba a bakin komai ba suna cikin abin da ake dubawa. Ki rubuta ta a rahotonki da kalmominsa, ki sanar da likita, sannan ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin da ba shi da shi.

Mai_Neman_Ilimi

Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, don haka a yi mini uzuri. A fahimtata mumini na gaskiya ba ya shiga irin wannan hali, tunda Allah ya ce a Suratur Ra'ad, aya ta 28, da ambatonsa ne zukata ke samun natsuwa. Shi da bakinsa ya ce ya yi sakaci da salla, to ai ga tushen matsalar nan. Ya koma ga Allah kawai, ƙwayoyin nan ba sa gyara zuciya.

Almajirin_Fiƙihu

Malam Mai_Neman_Ilimi, ayar gaskiya ce, amma hukuncin da ka ciro daga cikinta bai tsaya da ƙafarsa ba. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, aya ta 84, kuma babu wanda zai ce imaninsa ne ya raunana. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Kuma ka sake karanta abin da Sista ta rubuta. Mutumin bai ce ya bar salla sannan ciwo ya same shi ba, cewa ya yi jikinsa ne ba ya tashi. Ciwon ne ya riga, shi ya cinye masa ƙarfin ibadar kamar yadda ya cinye masa barci da sha'awar komai. Hadisin da ya umarci bayin Allah su nemi magani bai keɓe wata gaɓa ya ce ban da ƙwaƙwalwa ba. Idan ka je wa irin wannan mutum da maganar da ka faɗa, ka tabbatar masa ke nan da mummunan zaton da ciwon yake raɗa masa.

Sista_Alheri

Ina gaishe ku duka. Ni Kirista ce, kuma ina so Malam Mai_Neman_Ilimi ya san cewa wannan fahimta tasa ba a wajen Musulmi kaɗai take ba, mu ma muna fama da ita. Na kula da wata mata da ta daina shan maganinta bayan an gaya mata a wajen taron addu'a cewa ta warke, kuma ci gaba da shan magani rashin bangaskiya ne. Mako shida aka dawo mana da ita, ko sunan ɗanta ba ta iya amsawa. Abin da nakan tuna wa iyalai masu bin Littafi Mai Tsarki shi ne labarin annabi Iliya a 1 Sarakuna, sura 19, inda ya zauna a gindin itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Mala'ikan da ya zo masa bai yi masa faɗa ba, ya tashe shi ya ci ya sha, ya bar shi ya sake kwanciya. A duk lokacin da na faɗi wannan sai in ga kafaɗar dangin ta sauka, domin abin da ya fi damunsu kunyar a ce ɗansu ba shi da imani.

Mai_Bibiyar_Bincike

Bari in kawo abin da bincike ya nuna, domin kada muhawarar ta tsaya a kan labarai kawai. Akwai wani dogon bincike a Amurka a kan lafiyar mata ma'aikatan jinya da aka fara a 1976. A 2016 Tyler VanderWeele na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka duba bayanan mata kusan 90,000 daga cikinsu, daga 1996 zuwa 2010, suka samu cewa kashe kai a tsakanin masu halartar ibada aƙalla sau ɗaya a mako ya ragu da kusan ninki 5 idan aka kwatanta da waɗanda ba sa zuwa ko kaɗan. Sai dai a yi hattara da wannan adadi. Yawancin matan fararen fata ne kuma Kiristoci, waɗanda suka kashe kansu ƙalilan ne a cikin wannan taro, kuma abin da aka auna halartar ibada ce cikin jama'a, ba abin da ke cikin zuciya ba. Tun 1897 masanin zamantakewa Emile Durkheim ya kawo hujjar cewa ƙarfin haɗin jama'a ne ke rage kashe kai. Ga kuma matsalar da Malam Almajirin_Fiƙihu ya taɓo: mai ciwon damuwa yakan daina fita, har zuwa wurin ibada, don haka wani lokaci ciwon ne ke kawo rashin zuwan. Masu binciken sun yi ƙoƙarin cire tasirin wannan a lissafinsu, amma irin wannan nazari ba ya iya yanke hukunci kamar gwajin magani.

DogonNas

Ni ban yarda mu shiga wannan fage ba, kuma zan faɗi dalilina. Na farko, a dare ɗaya nakan riƙe majinyata fiye da ashirin ni da mataimaki ɗaya, rabon magani kaɗai ya ishe ni. Na biyu shi ne ya fi muhimmanci. Majinyaci a sashenmu ba shi da ƙarfin ce wa nas a'a, domin a hannunmu maganinsa yake, kuma rahotonmu yana cikin abin da ake dubawa kafin a sallame shi. Na taɓa aiki da wani da ya mai da zagayen dare wajen wa'azi, yana tsayawa a kan gadon waɗanda ba addininsu ɗaya ba yana yi musu nasiha, su kuwa suna gyaɗa kai don tsoro. Da zarar an buɗe wannan ƙofa, masu irin halinsa ne za su fara shigowa.

TsohonNas

DogonNas, ƙanena, abin da abokin aikin naka ya yi laifi ne, kuma ƙa'idojin ɗa'a na Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, waɗanda aka fara zartarwa a 1953, sun wajabta mana girmama aƙidar majinyaci. Amma shi nasa addinin ya kawo bakin gado, ni kuwa na majinyacin nake cewa a tambaya. Muna tambayar mutum fitsarinsa da bayan gidansa da abin da ke tsakaninsa da matarsa, sai a kan abin da ya hana shi barci ƙarfe uku na dare za mu ce ba huruminmu ba ne?

Ɗalibar_Jinya

Baba TsohonNas, ina shekarar ƙarshe a makaranta, kuma gaskiya tsoron yin tambayar nake ji, kada majinyaci ya ɗauka tuhumarsa nake yi. Akwai wata tsararriyar hanya da ake bi?

Mai_Bibiyar_Bincike

Akwai, ƙanwata. Wadda aka fi sani ita ce FICA, wadda likita Christina Puchalski ta Jami'ar George Washington ta tsara. Abu huɗu take tambaya: ko mutum yana da imani ko wani abin da yake dogara da shi, yaya muhimmancinsa a rayuwarsa da shawarar da yake yankewa game da lafiyarsa, ko yana cikin wata jama'a da ke tallafa masa, sannan yaya yake so a kula da wannan ɓangare yayin jinyarsa. Ba ta cin minti biyar. Ni nakan fara da cewa, "Idan abu ya yi maka tsanani, me kake riƙewa?" Mai addini zai kawo addininsa da kansa, wanda ba ruwansa da addini kuma zai ce 'ya'yansa ko aikinsa, ba tare da ya ji an tsare shi ba.

Wadda_Ta_Samu_Sauƙi

Ni majinyaciya ce, ba ma'aikaciya ba, kuma na daɗe ina karantawa kafin in yanke shawarar rubutu. Na shekara shida ina fama da waswasi. Alwala ɗaya takan ɗauke ni kusan awa guda, ina wanke hannu in ga kamar ruwa bai taɓa tsakanin yatsu ba sai in sake daga farko, in tayar da kabbara in yanke sau goma, har lokacin salla ya fita ina kuka a kan darduma. Mutanen gidanmu yabona suke yi, suna cewa tsantseni ne. Wani ciwo daban ne ya kai ni asibiti, kuma wata nas ce da ta zo saka mini ƙarin ruwa ta riƙe hannuna ta ga fatar ta tsattsage ta yi fari, ta tambaye ni cikin sanyin murya sau nawa nake wanke shi a rana. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai ita. Ita ta haɗa ni da likitan ƙwaƙwalwa. An ba ni magani, aka kuma koya mini in yi alwala sau ɗaya in tashi, in zauna da fargabar har ta sauka da kanta. Abin da ya sa na yarda na gwada shi ne wani malami da ya tabbatar mini cewa a fiƙihu wanda kokwanto ya zame masa jiki umartarsa ake yi ya yi watsi da shi. Da likita kaɗai ya faɗa, da na ɗauka so yake ya raba ni da addinina. Don haka Malam DogonNas, ina girmama tsoronka, amma da nas ɗin nan ta bi ra'ayinka da har yau ina bakin famfo.

Almajirin_Fiƙihu

Allah ya ƙara sauƙi, 'yar'uwa. Abin da kika kwatanta ba sabo ba ne a wajen magabata. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya yi rubutu a kan lafiyar jiki da ta rai, ya yi bayanin waswasi a matsayin ciwo, ya kuma bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda yake sauko wa mutum ba tare da dalili bayyananne ba, wanda ya danganta shi da jiki.

Sista_Alheri

Tunda an zo kan ibada da magani, ina so in tayar da maganar azumi, domin mu ma muna da masu yin azumin kwanaki. Wanda yake shan maganin litiyam saboda ciwon baifola, wato ciwon da ke kai mutum tsakanin tsananin zumuɗi da tsananin damuwa, idan ruwan jikinsa ya ragu maganin yakan taru a jini, kuma tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke zama guba ƙarama ce. Alamun farko su ne karkarwar hannu mai ƙarfi, amai, zawo da tangaɗi. Ga kuma raguwar barci saboda ibadar dare, wadda ita kaɗai tana iya tayar da ciwon. Wannan ba magana ce ta malamai kaɗai ba, nas ce ya kamata ta fara tambaya tun kafin lokacin ya zo.

DogonNas

A nan na yarda da ke ɗari bisa ɗari, Sista, domin wannan maganar magani ce. Abin da na lura shi ne idan ba ka tambaya ba, majinyaci da kansa zai haɗa ƙwayar safe da ta rana da ta dare ya shanye a lokaci ɗaya, ko ya ajiye su har wata ya wuce, kuma ba zai gaya maka ba. Wasu magungunan likita yana iya mayar da su sau ɗaya da dare, wasu kuma ba ya yiwuwa, sai a tuna wa mutum rangwamen da aka yi wa mara lafiya a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. Amma har yanzu ina kan bakata game da addu'a a bakin gado.

Yayan_Majinyaci

Ku yi haƙuri in mayar da ku wani ɓangare da ba a taɓa ba. Ƙanena ya fara jin muryoyi yana da shekara 23. Dukanmu mun yarda aljanu ne, har da ni. Shekara biyu muna yawo da shi wajen masu ruƙiyya, a wani wuri har da sarƙa aka ɗaure shi, kuma tabon yana nan a idon sawunsa har yau. Ranar da muka kai shi asibiti, nas ɗin da ta karɓe mu ta dubi tabon ta ce mana jahilai a gaban mutane. Mahaifiyarmu ta miƙe ta ce mu tafi, da ƙyar na shawo kanta. Wani nas daban ne ya zauna da ita daga baya ya ce mata, "Mama, ki ci gaba da yi masa addu'a da karatu, babu mai hana ki. Abu uku kawai nake roƙo: kada a dake shi, kada a ɗaure shi, kada a tsayar da magani." Wannan ta iya ɗauka. Mahaifiyarmu har yau tana cewa aljanun ne, kuma har yau ita ke miƙa masa ƙwayarsa kowane dare.

Mai_Bibiyar_Bincike

Ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa ba matsalar wuri ɗaya ba ce, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2020 da ya samu ana yin haka a ƙasashe 60. Shekara biyun nan da aka rasa ma tana da nauyi, domin an san cewa gwargwadon daɗewar taɓin hankali ba magani, gwargwadon wahalar farfaɗowa. Hanyar da nas na biyun ya bi kuwa an gwada irinta. Farfesa Oye Gureje ya jagoranci wani gwaji a Nijeriya da Ghana, wanda aka wallafa a mujallar Lancet a 2020, inda ma'aikatan lafiya na matakin farko suka riƙa zuwa wajen masu maganin gargajiya da masu warkarwa ta addu'a suna kula da majinyata tare. Waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi samun sauƙin alamun ciwo bayan wata shida.

Ɗalibar_Jinya

To yaya ake bambance imani da ruɗin ciwo? Idan mutum ya ce mini Allah ya yi masa magana a mafarki, ban ga yadda zan rubuta shi a matsayin alama ba.

TsohonNas

Ba ki rubuta shi a matsayin alama don kawai ya faɗa. Ki duba ko mutanen da suke addini ɗaya da shi za su ga maganar a matsayin abin da aka saba, ko su ma za su ce wani abu ya same shi. Ki duba ko sabon abu ne da ya zo tare da rashin barci da barin wanka da barin aiki. Wanda ya ce ya yi mafarki mai kyau ya tashi da natsuwa daban yake da wanda ya kwana biyar ido biyu yana cewa shi aka aiko ya ceci duniya, ko wata murya tana umartarsa ya cutar da wani. Idan kin rasa gane kan abin, dangi da limaminsa ko fastonsa sukan fi mu saurin cewa, "Wannan ba shi ba ne."

Mai_Neman_Ilimi

Na karanta duka, kuma labarin 'yar'uwa mai waswasi ya taɓa ni. Na janye maganar ƙwayoyi. Amma har yanzu ina ganin akwai damuwar da tushenta nisa da Allah ne, kuma ina tsoron kada a mai da kowane nauyin zunubi ciwon asibiti.

Nas_MaiAikinDare

Na gode muku ƙwarai. Na bi shawarar Baba TsohonNas na tambayi magidancin kai tsaye, kuma ya amsa cewa tunanin cutar da kansa yana zo masa, don haka an ƙara sa ido a kansa. Na kuma tambaye shi ko akwai malamin da ya yarda da shi, ya ambaci wani, iyalinsa suka kawo shi. Ban san abin da suka tattauna ba, amma shekaranjiya na gan shi yana salla a zaune a kan gado. Maganin ma ya shiga mako na uku, don haka ba zan iya ce wa Malam Mai_Neman_Ilimi ga wanda ya yi aikin ba. Abin da ya rage mini shi ne na DogonNas. Daren jiya da na miƙa masa magani ya ce, "Sista, ki sa ni a addu'a." Na ce masa Allah ya ba shi lafiya, na tsaya jim kaɗan, na wuce gado na gaba. Da a ce wanda ba addininmu ɗaya ba ne ya riƙe hannuna ya ce mu yi tare yanzu, ban san me zan yi ba.

Sista_Alheri

Ya sha faruwa da ni. Nakan tsaya shiru a gefen gadon har ya shafa, in ce amin, sannan in duba ko ya haɗiye ƙwayar.

DogonNas

Wannan ɗin ma sai a rubuta shi a rahoton miƙa aiki, ko kuwa?